Daga Ɗan Daudu Zuwa Mai Auren Jinsi: Tarihin Wani Suna

Daura ba ɗaya ba ce. Akwai ta Bayajida da rijiyar Kusugu, akwai kuma ƙaramar da ke ƙasar Karaye, yamma da birnin Kano, cikin masarautar da dokar masarautu ta 2024 ta bar mata ƙananan hukumomin Karaye da Rogo. A gari irin wannan na biyu mutum ba ya gabatar da kansa. Kafin ya buɗe baki an san gidansu, an san sana'ar kakansa, an san wadda ta yaye shi. Suna kuwa raɗa maka ake yi: na yanka ran bakwai, laƙabi daga kaka, inkiya daga abokan dandali. Shi ya sa gardamar da aka daɗe ana yi a Turai da Amurka, wai ko ya dace mai sha'awar jinsinsa ya fito fili ya kira kansa da wani suna, da ta iso ƙasar Hausa sai ta tarar da wani tarihi a gabanta.

Tsohon sunan shi ne ɗan daudu. Daudu kirarin Galadima ne, kuma Fremont Besmer, wanda ya rubuta littafi kan bori a 1983, ya danganta kalmar da Ɗan Galadima, aljanin nan ɗan sarauta, mai ado da caca da ɓarnar dukiya. A wurin wasan bori da gidajen mata masu zaman kansu aka fi ganin 'yan daudu. Su ne masu tuƙa tuwo a tasha, masu soya kaza da wainar shinkafa a bakin kasuwa, masu girkin biki. Wasu sun yi kawalci. Wasu sana'ar abinci ta kai su har Jidda. Da yawansu yaran ƙauye ne da gida ya yi wa zafi, suka shigo birni suka sami uwar ɗaki, wato babban ɗan daudu mai ba da wurin kwana da koyar da girki.

Abin lura shi ne, sunan a kan abin da ido ke gani ya tsaya: karairaya, tafa hannu, ɗaura zane a ƙirji lokacin aiki, shewa, da habaicin da ko kishiya sai ta sara masa. Bai ce komai kan abin da ke faruwa bayan an rufe ƙofa ba. Da yawa sun yi aure sun haifi 'ya'ya, sun je Makka an kira su Alhaji. Malamai sun yi ta wa'azi a kansu, jama'a na zunɗensu, amma kuma an ci tuwonsu, an yi dariyar maganarsu, har marigayi Rabilu Musa Ibro ya kwaikwaye su a fim mutane suka yi ta saye.

Akwai suna na biyu, na cikin gida. Rudolf Gaudio, Ba'amurken da ya zauna a Kano cikin shekarun 1990, ya fitar da littafinsa Allah Made Us a 2009, ya nuna cewa maza masu neman maza suna kiran junansu masu harka, suna da yaren harka da bare ba ya ganewa. Ba kowane ɗan daudu ne mai harka ba, kuma akwai masu harka da babbar riga da gemu waɗanda ba wanda zai taɓa zarginsu. Wannan suna an ƙirƙire shi ne don a ɓoye. Kalma ce ta kasuwa da kowa ke faɗa, ɗan tireda ma yana da harkarsa.

Doka ta riga kowa shiga maganar. Kundin hukunta laifuffuka na Jihar Arewa, wanda aka zartar a 1959 ya fara aiki a 1960 zamanin Sardauna, ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 14 a sashe na 284, sashe na 405 kuma ya sa namijin da ya yi shigar mata a bainar jama'a cikin jerin 'yan zaman banza. Sai dai shekara arba'in aka yi dokar na kwance, tuwo na tafasa a tasha.

Guguwar ta taso ne daga Gusau a Oktoban 1999, da Ahmad Sani Yariman Bakura ya ƙaddamar da Shari'a. Kano ta bi sahu a 2000 lokacin Rabi'u Musa Kwankwaso, aka kuma yi dokar hana karuwanci da ayyukan baɗala wadda ta haɗa da namiji mai kwaikwayon mata. Aka watse gidajen mata, bori ya ja da baya, inuwar da 'yan daudu ke fakewa ta ragu. A 2003 gwamnatin Malam Ibrahim Shekarau ta ba Hisbah matsayin hukuma. A Agustan 2007 aka kama maza 18 a wani otal a Bauchi, aka fara da tuhumar luwaɗi, daga baya aka mayar da ita ta shigar mata, jama'a kuma suka yi jifa a harabar kotu. Wannan sauyin tuhuma ya nuna inda aka kwana: abu biyu da tsofaffi suka bambanta sun fara narkewa cikin juna.

A can waje kuwa wata hanya aka bi. Bayan tarzomar Stonewall a birnin New York a 1969, masu fafutuka suka ɗauki bayyana kai a matsayin makami. Harvey Milk, ɗan majalisar birnin San Francisco da aka harbe a 1978, ya yi ta kiran mutanensa su faɗa wa iyaye da abokan aiki, bisa lissafin cewa wanda ya san ɗansa ne ba zai goyi bayan a zalunce shi ba. Daga 1988 har rana aka ware wa abin, 11 ga Oktoba. Lissafin ya ci a wurinsu, amma ya ci ne a ƙasashen da saurayi ke iya kama ɗaki shi kaɗai, ya rayu da albashinsa, kotu kuma ta saurare shi. A Najeriya, Bisi Alimi ya gwada fitowa fili a 2004 cikin shirin Funmi Iyanda na talabijin ɗin NTA. Ƙarshenta a Ingila ya sami mafaka.

Gwamnatin Obasanjo ta kai ƙudurin hana auren jinsi majalisa a 2006 bai wuce ba. Goodluck Jonathan ne ya sa hannu a Janairun 2014: shekara 14 ga masu auren, shekara 10 ga mai kafa ƙungiya ko taimaka mata. Daga nan suna na uku ya kankama a rediyo da bakin jama'a, masu auren jinsi. Hisbar Kano ta kama mutum 12 a Janairun 2015, ta kama 19 a Disambar 2022, duka bisa zargin bikin aure. Wata kotun Shari'a a Ningi ta yanke wa maza uku hukuncin jefewa a 2022. A Oktoban 2023 jami'an tsaron farin kaya sun kama 76 a Gombe. Wanda a da za a ce ɗan daudu ne ya zo girkin biki, yanzu sai a ce ango ne ko amarya.

Hukuncin luwaɗi a fiƙihun Malikiyya ba ɓoyayye ba ne. Amma fiƙihun nan ne ya gindaya shaidu huɗu na gani da ido, ya hana bin diddigin mutane, ya ɗauki tallata zunubi a matsayin ƙarin laifi. Rufin asiri, abin da Bahaushe ke roƙo safe da yamma, shi ya riƙe wannan zama na tsawon zamani. A ganina masu kira daga nesa a fito fili ba su auna abin da suke nema ba. Matashi a Karaye ko Rogo da ya yi haka ba kansa kaɗai ya taɓa ba, ya taɓa auren ƙannensa da gonar gado da sahun mahaifinsa a masallaci. Su ma masu kame da ɗaukar hoto a watsa a Facebook tallar suke yi, ta ɗaya ɓangaren.

Shirun ma yana da tsadarsa, kuma ba a cika faɗa ba. Akwai matar da aka aura don toshe bakin dangi, ba ta san dalilin sanyin ɗakinta ba. Akwai mara lafiyar da ya gwammace ya mutu a gida. Wani bincike da mujallar Lancet HIV ta buga a 2015, kan maza masu neman maza a Abuja, ya gano cewa bayan dokar 2014 tsoron zuwa asibiti ya ƙaru a cikinsu.

A Yulin 2024, da ƙurar yarjejeniyar Samoa da Najeriya ta sa wa hannu ta tashi, haruffan LGBT suka shiga huɗubar Juma'a a garuruwan Arewa, gwamnatin tarayya na musanta cewa akwai batun a cikin takardar. Mai tuwon tasha bai san abin da haruffan ke nufi ba, amma shi aka waiwaya aka kalla. A ƙauye kuma, in an tambayi mahaifiyarsa ina wane, amsarta ba ta sauya ba tun shekarun baya: yana birni, abinci yake sayarwa.