Yadda Faransa ta yi ta zaɓen baƙin ma'aikata tun 1945

Da yaƙin duniya na biyu ya ƙare, Faransa ta wayi gari da rusassun gadoji, ramukan gawayi ba isassun mahaƙa, ga haihuwa da ta ja baya tun shekaru masu yawa. Manyan ƙasar sun yarda ana bukatar baƙi. Inda suka rabu shi ne wajen sanin su wa za a kira, kuma mutum nawa.

Masana yawan jama'a, Alfred Sauvy a kan gaba, sun nemi mutum sama da miliyan 5, iyalai waɗanda za su zauna su hayayyafa. Masu tsara tattalin arziki na wajen Jean Monnet, su ƙarfin aiki kawai suke lissafawa, suka tsaya a kan wajen miliyan ɗaya da rabi. Georges Mauco kuwa ya so a jera al'ummu bisa asali, Turawan arewa a sahun farko. Dokar 2 ga Nuwamba 1945 ta fito ba tare da wannan jeri ba, domin alƙalan Conseil d'État sun share shi. Duk da haka, ofishin ONI da dokar ta kafa, Italiya ya fara zuwa ɗibar ma'aikata, abin da ya nuna inda zuciyar hukuma take.

A takarda, ONI kaɗai ke da ikon shigo da ma'aikaci. A aikace, masu masana'antun motoci da ƴan kwangilar gini ba su da haƙurin jiransa. Ɗan Fotugal ko ɗan Sipaniya yakan ƙetaro iyaka, ya samu aiki, daga baya a gyara masa takardu. A 1968, kashi 82 cikin 100 na waɗanda aka yi wa rajista ta wannan hanya suka bi. Ke nan mai kamfani ne ke zaɓe, gwamnati na buga hatimi. Da tsadar man fetur ta girgiza Turai, sai aka dakatar da shigowar ma'aikata a watan Yuli 1974.

Labarin likitoci ya fi kome tona raunin lissafin hukuma. Tun 1971 aka ƙayyade yawan ɗaliban da za su wuce shekarar farko ta karatun likita, aka yi ta matse ƙofar har adadin ya sauko wajen 3500 a 1993, bisa tunanin cewa ƙarancin likitoci zai rage kuɗin da ake kashewa a kan lafiya. Horar da likita kuwa na cin wajen shekara goma, saboda haka kuskuren bai bayyana ba sai da lokaci ya ƙure. Asibitocin ƙananan garuruwa suka cike giɓin da likitocin Aljeriya, Tunusiya, Maroko da sauran ƙasashen Afirka, suna kwanan aiki iri ɗaya da takwarorinsu, albashinsu kuma bai kai nasu ba. Ƙasashen da suka biya kuɗin karatunsu ba wanda ya tambaye su.

A 2006 Nicolas Sarkozy, yana ministan cikin gida, ya kawo dokar da ya kira ta zaɓaɓɓiyar shigowa, da katin zama na musamman domin masu ƙwarewa. Shugaban Senegal Abdoulaye Wade ya soki manufar da cewa kwashe masu ilimin Afirka ce, amma a shekarar ƙasarsa ta sa hannu a kan yarjejeniya da Faransa. Gabon, Kwango da Benin suka biyo a 2007, Mali ta ƙi. Katin bai yi kasuwa ba, ɗaruruwa kaɗan ake bayarwa a shekara, har aka maye gurbinsa da wani a 2016.

A Janairu 2008 aka fitar da jerin sana'o'i 30 masu ƙarancin ma'aikata, aka buɗe su ga waɗanda ba ƴan Tarayyar Turai ba. Jerin ya kai 2021 kafin a sabunta shi da gaske, kamar kasuwar aiki ta tsaya cik shekara 13. Dokar 26 ga Janairu 2024 ta koma kan tsohuwar hanyar gyaran takardu: baƙon da ya shekara 3 a ƙasar ba izini, ya kuma yi wata 12 cikin 24 na baya yana ɗaya daga cikin sana'o'in jerin, aka ba shi damar neman katin zama da kansa, ba sai mai gidansa ya sa hannu ba. Amincewa ko ƙi, an bar shi a hannun perefe na jiharsa.