Gammo da Akumari: Fasahar Ɗaukar Kaya a Hanyar Borno

Littattafan tarihin fatauci tsakanin ƙasar Hausa da Borno sun cika lissafa hajar da aka yi ta safara, wato kanwa da mangul da turkuɗi da goro, amma ba kasafai suke tsayawa kan yadda kayan suka zauna a kan mutum ko a bayan dabba na tsawon makonni ba, alhali a nan ne riba ko asarar tafiyar take. Tun zamanin da Kukawa take babban birnin Borno, bayan da Shehu Muhammadu al-Kanemi ya kafa ta a 1814, ayarin da ya taso daga Kano yana dogara ne ga mazubai marasa ƙashi, waɗanda ba su da wata siffa sai wadda shiryawa ta ba su.

Taiki, wato babbar jakar fata da dukawa ke ɗinkawa, da mangala, wato jaka mai aljihu biyu da ake rataya wa jaki, dukansu laushi gare su, don haka ba a aza su sai an shimfiɗa akumari, wato matashin da ke raba gadon bayan dabba da kaya. Mai jaki yakan kwance akumari ya ƙara masa cushe inda ya lotsa, ya rage inda yake gugar ƙashi, domin jakin da ya yi gyambo a tsakiyar tafiya ya zama nauyi ga ayari. Haka nan idan ɓangare ɗaya ya rinjayi ɗaya, dole a sauke a sake rabo. Takarkari, wato san ɗaukar kaya, wanda Larabawan Shuwa suka shahara da shi, shi ma wannan kulawar yake buƙata.

Wajen 'yan alaro, masu ɗaukar kaya a ka, dabarar ta fi ban sha'awa. Gammo, wato tsumma ko kaba da aka naɗe kamar zobe, yana baza nauyi a faɗin kai, kuma kowa da kaurin da ya dace da shi. Sukan kuma ɗaure kayan cikin dogayen sanduna masu zarce gaba, ta yadda za a jingina su a reshen itace a huta ba tare da neman mai ɗora wa mutum ba. Wannan fasaha ce cikakkiya, kuma rashin rubuta ta giɓi ne a tarihi. 

Mayaƙin nan Rabeh ya rushe Kukawa a 1893, sannan a 1907 aka kafa Yerwa, wadda ta zama Maiduguri, Shehu Abubakar Garbai ya zauna a cikinta. Fatake da maniyyata masu bin hanyar Sudan a ƙafa sun ci gaba da yada zango a garin, har motoci suka karɓe dogon zango, jirgin ƙasa kuma ya iso a 1964. Taiki ya ba buhu wuri, amma har yau masu dako da 'yan talla a Kasuwar Litinin ta Maiduguri suna naɗa gammo kafin su ɗauki kaya.