Ƙarfe Mai Shan Iska: Tarihin Faladiyam da Haidirojin

A shekarar 1802 ne wani masani ɗan Ingila, William Wollaston, ya ware wani farin ƙarfe daga cikin ɗanyen filatinam da aka kawo daga Kudancin Amurka, ya raɗa masa suna faladiyam. Ƙarfen ya shekara sittin da 'yan kai ba a san babbar baiwarsa ba, sai a 1866, sa'ad da Thomas Graham, shugaban gidan buga kuɗi na Landan, ya gano cewa yana iya haɗiye iskar haidirojin wadda ta ninka girman jikinsa wajen sau 900, sa'an nan in an ɗumama shi ya amayar da ita. Abin ya ba Graham mamaki ƙwarai, har ya zaci haidirojin tururin wani ƙarfe ne. Ya rasu a 1869 bai san haƙiƙanin al'amarin ba.

Masanan da suka biyo bayansa su ne suka warware yadda abin yake. Ƙwayoyin zarra na haidirojin biyu-biyu suke yawo a manne. Da zarar sun sauka a fuskar faladiyam sai su rabu, kowace ta kutsa cikin 'yan guraben da ke tsakanin ƙwayoyin ƙarfen. In guraben suka ɗauki iya abin da za su ɗauka, ƙarfen yakan kumbura da kimanin kashi 10 cikin ɗari, kuma yawan kumbura da saɓewa yakan lalata shi.

Muhimmancin wannan bai fito sosai ba sai bayan rikicin man fetur na 1973, lokacin da ƙasashe masu masana'antu suka shiga neman wani makamashin. Haidirojin in ta ƙone ruwa kawai take bari, amma ajiye ta jan aiki ne: ko dai a danna ta cikin tukwane da matsi mai tsanani, ko kuwa a sanyaya ta zuwa digiri 253 ƙasa da sifiri. Saboda haka aka yi fatan faladiyam zai zama rumbunta. To, amma ba a nan gizo ke saƙar ba. Haidirojin ɗin da yake riƙewa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari na nauyinsa ba. Ga kuma tsada, domin galibinsa daga Rasha da Afirka ta Kudu ake haƙo shi, har a watan Maris na 2022 farashin oza guda ya haura dala 3,000.

Ɗoki ma ya taɓa kai waɗansu ya baro. A watan Maris na 1989, Martin Fleischmann da Stanley Pons suka shelanta a Jami'ar Utah ta Amurka cewa sun sami makamashin nukiliya daga faladiyam da aka cika da haidirojin mai nauyi. Manyan ɗakunan bincike suka maimaita gwajin ba su tabbatar da haka ba, maganar ta shiririce.

Binciken ya sake sabon salo da aka iya sarrafa ƙarfen zuwa mitsi-mitsin ƙwayoyi waɗanda ake aunawa da nanomita, watau kashi ɗaya cikin miliyan dubu na mita. Gwargwadon ƙanƙantar ƙwaya, gwargwadon yawan fuskarta da kusancin cikinta, don haka iskar takan shiga ta fita da sauri. A 2014 ayarin Hiroshi Kitagawa na Jami'ar Kyoto a Jafan ya nuna cewa in an lulluɓe irin waɗannan ƙwayoyi da wani sinadari mai ƙananan ƙofofi, abin da suke riƙewa yakan ninka biyu.

Duk da haka, nauyi da tsada suna nan daram. Faladiyam bai zama rumbun da aka yi fata ba, makaranta ya zama. A kansa aka koyi ƙa'idojin da suka taimaka wajen fahimtar waɗansu gaurayen ƙarafa masu araha, irin na lantanam da nikel da aka bincika a ɗakunan Philips na Holan wajen 1970, wanda ya share fagen batura masu caji. Da shi kuma ake tace haidirojin, ake ƙera na'urorin gano yoyonta. Wannan darasi ne ga ɗalibi da ma'aikacin da ke ware kuɗin bincike: wanda ya auna amfanin ilmi da burin da aka fara da shi kaɗai, zai yi watsi da mafi yawan ribarsa.