Yadda Takalmin Zamiya Ɗaya Ya Rabu Gida Biyu

Wanda ya kalli gasar Olamfik ta lokacin hunturu a talabijin zai ɗauka takalman masu zamiya a kan ƙanƙara duk iri ɗaya ne: fari ga mata, baƙi ga maza, da siririyar wuƙar ƙarfe a ƙarƙashi. Ba haka abin yake ba. Mai tsalle da juyi shi kaɗai yana da nasa takalmin, mai rawa da abokiyar rawa yana da nasa, kuma duk wanda ya bar ɗaya ya koma ɗaya sai ya sake koyon tsayuwa. A ido bambancin bai taka kara ya karya ba: kusan inci ɗaya na ƙarfe, da ɗan yankan fata a bayan idon sawu. Sai dai kafin a kai ga wannan incin an sha tafiya.

Da ƙashi aka fara. Mutanen arewacin Turai sun yi dubban shekaru suna ɗaura ƙashin ƙafar doki ko na sa a tafin sawu, suna tura kansu da sanda mai tsini. A ƙarni na 12 wani malamin coci, William FitzStephen, ya rubuta labarin samarin Landan da ke wannan wasa a fadamar da ta daskare a bayan ganuwar birnin. Ƙashi santsi kawai gare shi, ba ya cizon ƙanƙara, don haka ba kwana, ba birki. Mutanen Holan ne, wajen ƙarni na 13 zuwa na 14, suka dasa ƙarfe mai kaifi a jikin katako. Daga ranar da kaifi ya kama ƙanƙara aka yar da sanda, ƙafa ta zama ita ce mai tuƙi.

Turawan Birtaniya suka mai da abin fasahar zane. A Edinburgh aka kafa ƙungiyar masu zamiya tun shekarun 1740, a 1772 kuma Robert Jones ya buga littafin koyar da wasan a Landan. Burinsu shi ne mutum ya zana da'ira da siffofi a kan ƙanƙara da kaifin wuƙarsa, jiki a miƙe, fuska ba fara'a. Wuƙar a lokacin da madauri ake ɗaure ta a takalmin yau da kullum, tana girgiɗi. Wajen 1850 Bushnell na Philadelphia ya fito da ta zallar ƙarfe mai maƙalewa. Amma wanda ya juya akalar wasan shi ne Jackson Haines, Ba'amurke mai rawar bale, wanda ya kafe wuƙa a jikin takalmi da kusoshi, ƙafa da ƙarfe suka zama abu guda. A gida ba a yaba salonsa ba, an ga rawar kai ta yi yawa. Ya ƙetara Turai a shekarun 1860, birnin Biyana ya karɓe shi hannu bibbiyu.

A nan ne labarin ya yi daɗi. Biyana gari ne na kiɗan wals, kuma mutanensa ba su ga dalilin da zai sa hunturu ya hana su rawa ba. Makaɗa na busa a gefen fili, mace da namiji na riƙe da juna suna kewayawa. A 1889 Franz Schöller ya tsara rawar taku goma wadda daga baya ta zama ta taku goma sha huɗu, a 1909 kuma Karl Schreiter ya fito da rawar Kilian. A wannan garin dai, a gasar 1882, Axel Paulsen ɗan ƙasar Nowe ya yi tsallen da har yau ake kira da sunansa. Ulrich Salchow ɗan Suwidin ya kawo nasa a 1909, Alois Lutz ɗan Austiriya a 1913. Wato tsalle da rawa a tsakar gida ɗaya suka tashi, kuma takalmi ɗaya suke sawa: doguwar fata mai laushi, wuƙa mai 'yan ƙananan haƙora a gaba. Tsallen juyi ɗaya ba ya neman fiye da haka.

A shekarun 1930 rawar ta yi ƙaura zuwa filayen Landan masu rufi, inda inji ke daskarar da ruwa. Reginald Wilkie da Daphne Wallis suka tsara Argentine Tango da Paso Doble da Quickstep. Eric van der Weyden da Eva Keats suka tsara Rocker Foxtrot da Westminster Waltz. Waɗannan raye-raye taku ne a ƙididdige, ƙafar namiji na shiga tsakanin ƙafafun mace, ƙugu na gogar ƙugu, ga gudu. Duk wanda ya taka wutsiyar wuƙar abokinsa, su biyun za su sha ƙasa.

In da za a ce a nuna shekarar rabuwa, ni 1952 zan nuna. A watan Fabrairun shekarar, a Olamfik ta Oslo, Dick Button na Amurka ya yi tsalle mai juyi uku, na farko da aka taɓa sauka lafiya a gasa. Ba a jima ba aka buɗe gasar duniya a Faris, inda a karon farko aka ba rawar ƙanƙara kambunta, Jean Westwood da Lawrence Demmy na Birtaniya suka ɗauka. Tun daga nan masu tsalle suka nufi sama, masu rawa suka ƙara matsowa kusa da juna, maƙera da masu ɗinkin takalma kuma suka bi kowa da abin da yake nema.

Ɓangaren tsalle bai tsaya ba. Donald Jackson na Kanada ya yi Lutz mai juyi uku a 1962, Kurt Browning ya yi juyi huɗu a 1988, a 2022 kuma Ilia Malinin ya sauka daga Axel mai juyi huɗu da rabi. Mutum na dirowa a kan ƙafa ɗaya, da baya, da nauyin da ya ninka na jikinsa sau da yawa. Dole takalmi ya yi tauri, aka riƙa jera fata kan fata, daga baya aka shigo da roba da zaren kabon kamar yadda kamfanin Edea na Italiya ke yi. Haƙoran gaba suka girma suka koma kamar na zarto, domin da su ake soka ƙanƙara a tashi sama a tsalle irin na Lutz, kuma su ne ke fara taɓa ƙasa wajen dira. Wutsiya ta zauna da tsawonta, ita ce ke tare mai dira kada ya kife ta ƙeya.

Dokar rawa kuwa ta toshe wannan hanya da gangan. Ba manyan tsalle-tsalle, ba jefa mace sama, ba ɗaga ta bisa miƙaƙƙen hannu kamar yadda masu tsallen bibbiyu, mace da namiji, ke yi, kuma ba a son abokan rawa su yi nisa da juna fiye da tsawon hannu biyu. Abin da alƙalai ke kallo shi ne zurfin kaifi, lanƙwasar gwiwa, miƙewar yatsun ƙafa, da tafiya daidai da kiɗa. Sai aka datse wutsiyar wuƙa da kusan inci guda, aka rage haƙora don kada su karci ƙanƙara a tsakiyar taku, aka kuma sirance ta. Ƙasan kowace wuƙa yana da ɗan kwari a tsakiya, wanda ya ba ta kaifi biyu, na ciki da na waje. Ta masu tsalle kaurinta wajen milimita 4 ne, ta rawa takan sauko kusan 3, saboda haka sauyawa daga wannan kaifi zuwa wancan ya fi sauri. Takalmin ma aka rage masa tsawo ta baya don idon sawu ya samu sakewa, aka sassauta shi, galibi kuma aka ɗaga dunduniya.

Abin sha'awa, manyan sunaye biyu na wannan sana'a, John Wilson da MK, duk a Sheffield ake ƙera wuƙaƙensu, garin da ya yi suna a kan wuƙa da cokali tun kaka da kakanni. Masana'anta ɗaya ke fitar da Pattern 99 da Gold Seal don masu tsalle, ta kuma fitar da MK Dance don masu rawa.

Akwai wuƙa ta uku da ta mutu, kuma ya kamata a tuna da ita. Zanen siffofin nan na mutanen Birtaniya ya daɗe yana cin kashi 60 cikin 100 na makin gasa, har zuwa 1968. A lokacin manyan 'yan wasa kan tafi fili da takalma kala biyu, ɗaya na zane mai kwari marar zurfi da haƙorin ƙasa a goge, ɗaya na tsalle. Hukumar wasan ta duniya, wadda aka kafa a 1892, ta soke zanen bayan gasar 1990. A ganina rawa ce ta gaji wannan ilimin kaifi, shi ya sa har yau masu koyar da tsalle ke tura yaransu wurin malaman rawa su gyara musu taku. Ita rawar ta shiga Olamfik a Innsbruck a 1976, inda Lyudmila Pakhomova da Aleksandr Gorshkov na Tarayyar Sobiyet suka ci zinare, sannan Jayne Torvill da Christopher Dean suka kai ta ƙololuwa da Boléro a Sarajevo a 1984.

To me ke samun wanda ya sauya sheƙa? Mafi yawan masu rawa da tsalle suka fara tun suna yara, don haka hanya ce da aka saba bi. Abin da ke fara ba su mamaki shi ne baya: mutum ya jingina da dunduniya yadda ya saba, sai ya tarar ba ƙarfe a wurin. Na biyu idon sawu. Taurin takalmin tsalle ya daɗe yana yi masa aiki, yanzu tsoka ce za ta riƙe shi. Na uku tuwizil, wato juyi a ƙafa ɗaya ana tafe, mutum biyu a lokaci guda. Wanda ya saba juyi a wuri ɗaya a kan gaban wuƙa sai ya nemo sabon wurin tsayuwa can wajen tsakiya. Shi ya sa masu koyarwa ba sa gaggauta ɗalibi. Raye-rayen farko ana iya yin su da takalmin tsalle, sai taku ya matse ake sayen na rawa, wasu ma wuƙa kawai suke fara canzawa.

Fitaccen misali na kusa shi ne Daisuke Takahashi na Japan. A 2010 ya ci tagulla a Olamfik ta Vancouver, namiji na farko daga ƙasarsa da ya samu lambar Olamfik a wannan wasa, ya kuma zama zakaran duniya a shekarar. An san shi da iya taku fiye da tsararrakinsa. Duk da haka, da ya koma rawa a 2020 yana da shekara 34, tare da Kana Muramoto a hannun mai koyarwa Marina Zoueva a Florida, sau biyu a jere suna zuwa na biyu a gasar ƙasarsu, kuma gurbin Olamfik ta Beijing ya wuce su. Sun ci azurfa a gasar Nahiyoyi Huɗu ta 2022, suka ɗauki kambun Japan a watan Disambar shekarar, suka zo na 11 a gasar duniya ta 2023 a Saitama. A watan Mayun 2023 suka sanar da barin gasa.