Wa Ya Tsaya wa Baƙo? Daga Zauren Mai Unguwa zuwa Ƙofar Rukunin Gidaje

Duk wanda ya kama haya a sababbin rukunan gidaje na Abuja ko Kano ya san takardar da ƙungiyar masu gidaje ke miƙa masa: kada ya ba wani hayar ɗaki a ƙarƙashinsa, kada baƙo ya daɗe sai da sanin ƙungiya. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin baƙuwar al'ada daga Amurka. Takardar ce baƙuwa, amma damuwar da ta haife ta ta daɗe a ƙasar Hausa.

A garin kan iyaka irin Baure, a masarautar Daura, inda fatake da 'yan ci-rani daga Damagaram ba su yankewa, baƙo ba ya sauka kai tsaye. Mai masaukinsa ne zai kai shi gaban mai unguwa, daga nan kuma ya zama shi ne mai tsaya masa: in kaya sun ɓace, ƙofarsa za a fara ƙwanƙwasawa. Su kansu sarakunan Baure sun san zaman inuwar wani, domin reshe ne na tsohon gidan sarautar Daura da jihadi ya kora daga birni, suka zauna ƙarƙashin ikon Damagaram a ƙarni na 19.

Fiƙihun Malikiyya bai hana mai haya ya ba wani haya ba, muddin sabon ba zai fi shi cutar da gidan ba. Abin da ya ɗaure shi a aikace shi ne haraji. Mai unguwa na ƙirga kawuna kowace shekara, kuma namijin da ya kwana a ɗaki ba a rubuta shi ba giɓi ne da dagaci zai tambaya. A ganina wannan littafin, fiye da kowace doka, shi ya sa aka san mazaunin kowane ɗaki.

Abubuwa biyu suka sauya lamarin kusan lokaci guda. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta ce mai riƙe da fili bisa al'ada ba zai miƙa shi ga wani ba, ko da haya ce, sai da amincewar ƙaramar hukuma. A birni kuwa sai da ta gwamna. Mutane ƙalilan ne suka taɓa neman wannan izini saboda ɗaki guda. Sannan gwamnatin Balarabe Musa, wadda ta hau mulkin tsohuwar Jihar Kaduna a 1979, lokacin Daura na cikinta, ta soke haraji da jangali. Talaka ya huta, amma littafin mai unguwa ya rufe.

Wannan gurbin ƙungiyoyin masu gidaje ke neman cikewa. Sai dai mai unguwa yana da dagaci da hakimi a samansa, waɗanda ake kai wa ƙara in ya zalunci baƙo. Ƙungiya kuwa masu gidaje ne ke zaɓenta, kuma sau da yawa ɗan haya, wanda dokar ta fi shafa, ba shi da ƙuri'a a taron da aka tsara ta.