Iyaka da Iyali: Dokokin Gwamnati da Zaman Gida a Mazanya da Kewayenta

Gabatarwa

Maƙasudinmu a wannan takarda shi ne mu bi diddigin yadda dokokin hukuma suka riƙa shiga harkokin gida, wato aure da haihuwa da ciyar da iyali, a Mazanya da garuruwan da ke maƙwabtaka da ita cikin ƙasar Jibiya. Mun zaɓi wannan yanki ne saboda ta nan, a Magama, babbar hanyar Katsina zuwa Maraɗi ta ratsa iyakar Nijeriya da Nijar ta nufi Ɗan Isa. Duk dokar da aka zartar a Ikko ko Abuja ko Yamai game da iyaka, magidantan wannan wuri su ne kan fara ɗanɗana ta.

Asalin Iyakar

Rabuwar Katsina da Maraɗi ta girmi zuwan Turawa. Bayan da masu jihadi suka ci Birnin Katsina wajen 1807, Ummarun Dallaje ya hau gado, tsohon gidan sarauta ya yi arewa, har Ɗan Kasawa ya zauna a Maraɗi wajen 1819. An shafe ragowar ƙarnin ana kai wa juna hari. To amma iyakar wancan zamani daji ce da ake tsoron ratsawa, kuma takan matsa gaba ko baya gwargwadon ƙarfin sarki.

Iyaka ta layi Ingila da Faransa suka kawo. Sun fara shata ta a takarda cikin 1890, suka sāke ta a 1898 da 1904 da 1906, sa'an nan tawagar Kyaftin Tilho da Manjo O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamomi daga 1906 zuwa 1908. Abin da ya dami Faransawa a cikin cinikin nan shi ne samun hanya mai rijiyoyi daga Kogin Kwara zuwa Damagaram da Tafkin Chadi. Ba a tambayi wanda gonarsa take arewa da layin, gidan surukansa kuma yake kudu ba.

Haraji da Dokar Aure

Tun daga nan gida ɗaya ya shiga ƙarƙashin mulki iri biyu. A kudu Ingilishi suka bar haraji da jangali da shari'a a hannun En'e, Alƙali yana yanke hukuncin aure da saki da gado bisa mazhabar Malikiyya. A arewa kuwa Faransawa suka ɗora harajin kai, da aikin tilas, da ɗaukar soja. Aikin tilas bai ƙare ba sai da dokar Houphouët-Boigny ta 1946. Kafin lokacin, magidanta da yawa na ƙasar Faransi sukan tsallako da samarinsu su fake wajen dangi, wasu su koma bayan masu ƙidaya sun wuce, wasu kuwa su yi aure su zaune. Wato a wannan zango iyakar ta zama mafaka, har ta ƙara yawan auratayya tsakanin ɓangarorin biyu.

Faransawa sun kuma sa hannu cikin aure kai tsaye. Dokar Mandel ta 1939 ta hana aurar da yarinya kafin shekara 14 da yaro kafin 16, ta kuma sharɗanta yardarsu. Dokar Jacquinot ta 1951 ta nemi taƙaita dukiyar aure. A ganinmu tasirinsu a ƙauye kaɗan ne, domin waliyyi da liman su ke ɗaura aure, kuma wanda dokar ta tsaya masa a wuya yana iya kai ɗaurin auren gidan ƙanensa a tsallake. Barbara Cooper ta yi nazarin wannan fage a littafinta kan aure a Maraɗi na 1997.

Ɗan Wace Ƙasa?

'Yancin kai na 1960 ya zo da tambayar da kakanni ba su san ta ba. Al'adar Bahaushe ce mai cikin fari ta tafi goyon ciki gidan iyayenta, ta haihu ta yi wankan jego a can. Saboda haka matar da aka auro daga ƙasar Madarumfa zuwa Mazanya za ta haifi ɗan farinta a Nijar, ƙannensa kuma a Nijeriya. Tsarin mulkin Nijeriya na 1999 ya karɓi wannan ɗa, tunda ɗaya daga cikin iyayensa ɗan ƙasa ne. Sai dai sashe na 26 ya ba baƙuwar da ta auri ɗan Nijeriya damar yin rajistar zama 'yar ƙasa, bai ba baƙon da ya auri 'yar Nijeriya irin wannan dama ba. Ita Nijar sai a 1999 ta yarda uwa ta gadar wa ɗanta ƙasa, a 2014 kuma ta halatta riƙe ƙasa biyu. Galibin mutane ba su damu da waɗannan sassa ba, sai ranar da jami'i ya tare su ya nemi takarda.

Rufe Iyaka

A nan ne maganar ta fi nauyi. Yarjejeniyar ECOWAS ta 1979 ta ba ɗan kowace ƙasa cikin ƙungiyar izinin shiga wata ya zauna kwana 90 ba tare da biza ba. Duk da haka, a Janairun 1983 gwamnatin Shehu Shagari ta kori baƙin da ba su da takardu, cikinsu har da 'yan Nijar. A Afrilun 1984 gwamnatin Janar Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin ƙasa lokacin canjin kuɗi, ba a buɗe ba sai 1986. Rufewar ta haɗu da fari. Hatsin da ke fita daga kasuwannin Katsina da Kano ya yanke, 'yan cin rani suka rasa hanyar zuwa nema, nairorin da ke hannun mutanen tsallake suka zama takardun banza. Bahaushe yakan raɗa wa yunwa suna, kamar Kakalaba ta 1914. Ta wannan karo mutanen Nijar sunan shugaban Nijeriya suka sa mata.

An sāke rufewa a Agustan 2019 da nufin hana fasa-ƙwaurin shinkafa. A Nuwamba hukumar kwastan ta hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, Jibiya kuwa tana ciki. Dokar da aka yi domin ɗan sumoga sai ta faɗa kan mai injin niƙa da manomin rani da ɗan acaɓa, da mai neman motar da za ta kai matarsa asibiti. Da aka buɗe Illela da Maigatari a Disambar 2020 an bar Jibiya a rufe har Afrilun 2022. A tsakanin nan, cikin 2021, gwamnatin Jihar Katsina ta rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure saboda 'yan bindiga, aka kuma katse layukan waya, ta yadda ko labarin rasuwa sai an aika mutum. Dubban iyalai daga Katsina da Zamfara da Sakkwato kuwa tun 2019 suke gudun hijira zuwa jihar Maraɗi, da yawansu a gidajen jama'a suka sauka. Tafiyar da kakanni suka yi kudu gudun haraji, jikoki suka yi ta arewa.

Ba mu ce rufe iyaka ya taɓa hana zuwa biki ko suna ko ta'aziyya ba. An ci gaba da zuwa ta ɓarauniyar hanya. Abin da ya sāke shi ne tsadar zumuncin, domin kayan ɗaki da buhun gara da ragon suna sun koma kayan da ake iya kamawa, kuma tsofaffi da masu goyo, waɗanda ba sa iya doguwar tafiya a babur cikin daji, su suka fi yankewa daga dangi.

Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 an ƙara rufe iyakar bisa takunkumin ECOWAS, manyan motoci suka yi layi a Magama, har zuwa Maris na 2024. A ranar 29 ga Janairun 2025 ficewar Nijar daga ƙungiyar ta tabbata. Sanarwar da ECOWAS ta bayar ran nan ta ce a ci gaba da barin 'yan Nijar suna shige da fice ba biza, har sai an sanar da wani mataki.