Yadda shafin intanet ya koyi ba da amsa

A shekarar 1991, lokacin da Tim Berners-Lee ya buɗe wa duniya shafin farko daga cibiyar bincike ta CERN, kusa da Janeba, aikin uwar garke, wato kwamfutar da ke ajiye shafuka, bai wuce na mai tsaron ɗakin karatu ba. A nemi takarda, ta miƙo ta yadda aka ajiye ta. Kowa ya zo, abu guda zai gani.

Sauyi ya zo a 1993 daga cibiyar NCSA ta jami'ar Ilinoyi a Amurka, inda aka tsara ƙa'idar CGI. Daga nan uwar garke ta iya miƙa buƙatar mai nema ga wata ƴar manhaja, ita kuwa ta duba tambayar, ta tsara masa shafinsa nan take. Sai dai kowace buƙata sai an tada manhajar daga farko. In jama'a suka yi yawa, na'ura ta yi nauyi.

A 1995 Rasmus Lerdorf ya fitar da PHP, wanda ya fara rubutawa don ƙidayar masu leƙa takardar tarihin aikinsa. PHP ya ba da damar cusa umurni cikin shafin kansa, aikin ya sauƙaƙa ga masu koyo. Da shi aka gina Facebook a 2004.

Yau ɗalibin da ya saka lambarsa ya ga sakamakon jarrabawarsa, wannan hanya ya bi: tambaya ta tafi, manhaja ta bincika rumbu, amsa ta dawo. Ƴaƴanmu sun ƙware wajen tambaya. Saura malamai su koya musu rubuta manhajar da ke amsawa.